Kuskuren Gidan Buga Kuɗi ko Aikin Magagari?

Ranar Alhamis, idan Kasuwar Dole ta cika a Damagaram, kuɗin ƙarfe na ratsa hannuwa da yawa kafin la'asar. Mai ƙosai ta karɓa, ta ba mai itace, shi kuma ya miƙa wa ɗan kabu-kabu. A cikin wannan kai-komo, jefi-jefi akan ci karo da ƙwandalar da ba ta yi kama da ƴan'uwanta ba: dala ashirin mai gutsurarren baki, ko dala ɗari wadda cibiyarta ta karkace. A da, ƙin karɓa kawai ake yi. Yanzu da waya ta shiga kowane gida, labari ya bazu cewa ana sayen irin wannan kuɗi da tsada a ƙasashen waje. Wasu sun fara adanawa, wasu kuma sun fara ƙirƙira.

Labarin bai rasa tushe ba. Akwai masu sha'awar tara tsabar kuɗi a duniya, kuma suna biyan kuɗi mai kauri a kan ƙwandalar da aka yi kuskure wajen buga ta. Amma sharaɗinsu ɗaya ne: kuskuren ya faru a cikin gidan buga kuɗi. Duk abin da ya sami ƙwandala bayan ta fito, ko wuta ce, ko guduma, ko tayar mota, sunansa lahani, kuma lahani ba ya ƙara mata ko tamma ɗaya.

Kafin a gane kuskure, sai an san yadda ake aikin. Kuɗin sefa ya samu tun 1945, kuma bankin BCEAO ne ke fitar da wanda ake kashewa a Nijar. Akasarin ƙwandalolinsa a Faransa ake buga su, a masana'antar Pessac kusa da Bordo, wadda ta fara aiki a 1973. Ana shimfiɗa ƙarfe ya zama falle, inji ya yanko fayafai masu nauyi ɗaya. Sai a tada bakin kowane faifai, a jefa shi cikin wani zoben ƙarfe, hatimi biyu su matse shi lokaci guda, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Matsin yana da ƙarfin da ke sa ƙarfe ya malala cikin zanen hatimin. Daga wurare uku kuskure ke fitowa: faifan, hatimin, ko bugun.

Akwai abubuwan da mutane ke ɗauka kuskure ne alhali haka aka tsara. Idan aka riƙe dala ashirin aka juya ta daga dama zuwa hagu, za a ga bayanta a kife, kai ƙasa. Al'adar Faransa ce ta buga kuɗi, kuma haka kowace take. Ƴan ƙananan alamomin da ake gani a kan ƙwandala, waɗanda sai an ƙura ido ake gane su, na masana'antar ne da na babban mai zanenta, shi ya sa ɗaya daga ciki take canzawa da shekaru. Kifin nan mai baki kamar zarto kuwa tambarin bankin ne, an ɗauko shi daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan.

To, a ɗauki mai gutsurarren baki, domin ita aka fi yawan kawowa. Wani lokaci injin yanka yakan ci gefen ramin da ya riga ya yanke, sai faifai ya fito da giɓi mai lanƙwasa. Da yake giɓin ya riga bugu, ƙarfe yakan malala wajensa. Haruffan da ke kusa da shi sai su dusashe a hankali, bakin ƙwandalar ya riƙa sirancewa har ya ɓace. Sau da yawa ma, idan aka dubi gefen da ke daura da giɓin, za a tarar baki bai tashi sosai ba a can. Wadda aka yi wa aikin magagari ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Harafi yakan yanke ƙaf a tsakiya, wurin yana ƙyalli, da sawun haƙoran magagari a jere, kuma yatsa yana jin kaifi. Duk maƙerin farfaru da ke Birni ko Zango zai gane wannan da kallo ɗaya, don sawun kayan aikinsa ne.

Tsaga ma haka take. Idan hatimi ya tsufa ya tsage, ƙarfe na shiga cikin tsagar, sai a ga siririn layi ya taso a kan ƙwandala. Ƙarzuwa kuwa rami ce, ta nutse ciki. A bi wurin da farce a hankali: abin da ya taso daga hatimi yake, abin da ya nutse wani abu ne ya karce shi daga baya.

Masu wayo kan haɗa ƙwandala biyu su buga da guduma, sai rubutun ɗaya ya fito a jikin ɗaya a juye. Su ce bugu biyu ne. A juya bayanta kawai. Idan ya daku, ya baje, ko ƙwandalar ta lanƙwashe, a kan uwar maƙera ta kwanta. A gidan buga kuɗi ɗaya fuskar tana zaune ne cikin hatiminta, don haka takan fito tas. Mai fuska iri ɗaya gaba da baya kuwa, kusan kullum biyu aka goge aka manne. Akwai siririn layin haɗi a bakinta, kuma idan aka jefa ta a kan siminti ƙararta a dushe take.

Ƙwandalolin ƙarfe biyu sun buɗe wa masu zamba wata ƙofa. Ta dala hamsin, wato 250 F, ta fito a 1992, sai ta dala arba'in da ta dala ɗari suka biyo a 2003. Ana iya fitar da cibiyar da bugu, a karkata ta, a mayar. Amma a masana'anta zoben da cibiyar tare hatimi ke matse su. Idan hatimi ne ya karkace, fuskar gaba ɗaya ke karkacewa, har da rubutun zoben, ɗaya fuskar kuma ta zauna daidai. Idan cibiyar kaɗai ta juya, gaba da baya, zobe na nan inda yake, hannun mutum ne. Galibi ma akan ga ƴar rata a tsakaninsu, ko tabon abin da aka buga da shi.

Sikeli shi ne alƙalin da ba ya son kai. A nemi wata ƙwandala lafiyayya, iri ɗaya, shekara ɗaya, a ɗora su bi da bi a kan sikelin masu zinariya. Kuskuren bugu ko na hatimi ba ya rage nauyi, domin ƙarfen bai je ko'ina ba. Wadda ruwan batir ya ci takan yi sauƙi, ta sirance, zanenta ya yi hazo gaba da baya. Wadda ta shiga wuta takan yi baƙi da ƙuraje.

Kuskure na gaskiya ya taɓa ratsa kasuwannin Hausa. Tsofaffin fataken da suka yi safara tsakanin Kano, Magarya da Damagaram sun san kwabon Ingila mai huji, mai tauraro. A cikin na 1956 akwai waɗanda suka fito da sunan Sarki Joji na Shida, alhali ya rasu tun 1952. Tsohon hatimi aka haɗa da sabo a Birmingham. Irin wannan ba ya ƙirƙiruwa da guduma, kuma yana rubuce a littattafan masu tara kuɗi. A Ingila kanta, a 2008, an yi irin wannan haɗin, ƙwandalar fam ɗaya cikin biyar ta fito babu shekara ko ta ina. A Amurka kuwa, a 1943 da ƙarfe aka buga santi ɗaya saboda yaƙi, amma wasu ƴan kaɗan suka fito da tagulla bisa kuskure. Tsadar da suka yi ta sa mazambata suka riƙa shafa wa na ƙarfe ruwan tagulla, ko su goge 8 ta 1948 ta koma 3. Mayen ƙarfe yana tona na farko, gilashin mai gyaran agogo yana tona na biyu.

Ga mutanen Damagaram, abin da ya fi muhimmanci shi ne azurfar gado. A zamanin wuri, ayarin Tarabulus ya riƙa shigo da dalolin azurfa garin. A watan Janairu na 1853, a nan Zinder, wato Damagaram, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya karɓi saƙon dala 1000 da aka ɓoye cikin akwatunan sukari. A cikin dalolin azurfar, wadda ta fi shahara ita ce mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. Har yau ana samunta a adudun kakanni da kayan adon Fulani da Buzaye.

A nan ne ake yawan ruɗin mutane. Wani zai nuna 1780 a jikinta ya ce ta haura shekara ɗari biyu. A 1780 sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin kowace dala da aka buga wannan shekarar take ɗauke da ita. An buga ta a Rum, London, Paris da Bombai, har yanzu ana buga ta a Viyana, jimilla fiye da miliyan 300. Saboda haka darajar mafi yawansu ta azurfarsu ce. Ta gaske nauyinta giram 28, tana da rubutu da ya taso a kewayen bakinta, kuma idan aka ƙwanƙwasa ta takan yi doguwar ƙara. Ta zubi tana da ƴan ramuka kamar yashi, rubutun bakin ya cuɗe ko babu shi. Wadda aka huda ko aka lanƙaya wa kunne don rataya ta zama kayan ado. Tana da ƙimarta a wurin iyali, amma mai tara kuɗi ragi zai yi mata. Abin takaici ne a ga tsohuwa ta rabu da gadon uwarta a banza, ko saurayi ya zuba jarinsa a kan dalma.

Wanda ya sami ƙwandalar da yake zaton kuskure ce, kada ya wanke ta da toka ko lemun tsami. Gogewa na cinye fatar ƙarfen, ta zubar da darajar da ake nema. Ya naɗe ta a tsumma mai laushi, ya gwada ta da ƴar'uwarta a cikin hasken rana, ya kai ta wurin maƙerin da ya yarda da shi a auna. Ya kuma sani cewa ko kuskuren na gaske ne, masu neman na sefa ba su da yawa, kuma ba kasafai kuɗinsa ke taka kara ya karya ba. Duk wanda ya bugo waya ya ce a fara aika masa kuɗin rajista ko na gwaji kafin ya saya, ɗan damfara ne.

Suɗaɗɗiyar ƙwandala kuwa, wadda yawo ya shafe mata zane, ba kuskure ba ce kuma ba jabu ba ce. BCEAO ya sha yin sanarwa cewa irinta, da ta dala hamsin da wasu ƴan kasuwa ke ƙi, duk halattattun kuɗi ne. Bankin yana da reshe a nan Zinder. Mai karatu da ya tara irinsu ya kai can a canza masa, kada ya yarda wani ya saye su a hannunsa da ragi.