IDAN AN GAYYACE KA BIKIN AUREN MABIYA ADDININ SIKH



Yaranmu da ke karatu a Indiya, musamman jihar Punjab, da masu zama a Landan ko Birmingham, sukan samu katin gayyata daga abokin karatu ko na aiki mabiyin addinin Sikh. Su ne mutanen nan masu rawani da gemu, mazansu na ɗauke da sunan Singh, matansu Kaur. Ba Hindu ba ne, ba kuma Musulmi ba. Addininsu daga Guru Nanak ya faro, wanda aka haifa a 1469.

Ka fara sanin cewa bikin nan taro biyu ne, kuma ba su yi kama ba ko kaɗan. Na safe ibada ce a wurin bautarsu, Gurdwara. Na yamma kuwa liyafa ce a ɗakin taro.

Ɗaurin auren, wanda suke kira Anand Karaj, galibi kafin azahar ake gama shi, don haka ka je da wuri. A ƙofa za ka tarar da dangin ango da na amarya suna gaisawa, uba da uba, kawu da kawu, ana rataya wa juna furanni. Sai a sha shayi a shiga.

Kafin ka shiga zauren, ka cire takalmi, ka wanke hannu, ka rufe kanka. Mace hijabinta ko mayafinta ya wadatar. Namiji ya tafi da babban hankici, ko ya ɗauki ɗaya daga ƙyallayen da suke ajiyewa a bakin ƙofa, domin hular hana-salla ba ta karɓuwa a wurin. Taba sigari kuwa ko a aljihu kada ka shiga da ita. Haramun ce babba a wurinsu. A ƙasa ake zama, maza gefe, mata gefe, kusan awa ɗaya ko fiye, saboda haka ka sa kayan da za ka iya tanƙwashe ƙafa a cikinsu. 'Yar uwa, ki guji ja, launin amarya ne.

To, ga inda ake buƙatar natsuwa. A gaban zauren akwai littafinsu, Guru Granth Sahib, a kan karaga ƙarƙashin rumfa. Ba littafi kawai suke ɗaukarsa ba, shi ne jagoransu mai rai. Za ka ga suna bin layi, kowa ya isa gabansa ya kai goshi ƙasa, ya ajiye ɗan kuɗi. Kai Musulmi ba ka kai goshinka ƙasa ga kowa sai Allah, kuma su ma ba su tilasta wa baƙo. Kada ka shiga layin. Ka wuce a hankali ka samu wuri ta baya ka zauna. Abin da suke nema a wurinka ladabi ne: kada ka miƙe ƙafa tana fuskantar littafin, kada ka zauna ka ba shi baya, ka kashe ƙarar waya, ba hira, ba tafi.

Uban amarya zai ɗauki gefen gyalen ango ya sa a hannun 'yarsa. Sai a karanta baitoci huɗu da Guru Ram Das, jagoransu na huɗu, ya tsara. Bayan kowane baiti ango ya shige gaba, amarya na biye, su zagaya littafin sau ɗaya. Zagaye na huɗu ya cika, aure ya ɗauru. In an miƙe tsaye don addu'arsu, miƙewa shiru ta ishe ka.

Daga ƙarshe za a raba wani abu mai zaƙi, na garin alkama da man shanu da sukari, ana zuba wa kowa a tafin hannu biyu. An yi masa addu'arsu kafin rabo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya fita a hankali kafin a iso kansa, ya fi ya karɓa ya zubar. Zubar da shi cin fuska ne ƙwarai.

Batun abinci ya zo a juye, kuma nan mutane ke ruɗewa. Abincin Gurdwara, wato langar, babu nama a cikinsa sam: gurasa, wake, ganye, shinkafa. Ka ci hankali kwance. Liyafar yamma ce abin lura. Can akwai kiɗan ganga da rawar bangara, sau da yawa akwai giya, akwai kuma nama. Ƙa'idar addininsu ta hana su cin yankan Musulmi, masu cin nama a cikinsu sara ɗaya suke yi wa dabba. Don haka kada ka ɗauka kazar da ke gabanka halal ce. Ka nemi ɓangaren ganye, wanda ba a rasa shi a bikin Punjabawa, ka zaɓi teburin da ba a sha, ka kuma yi sallarka kafin ka shiga.

Gudummawa kuɗi ne a ambulan, kuma al'adarsu a ɗora ɗaya a kai: 51, 101, 501. In ba za ka iya zuwa duka biyun ba, ka faɗa wa mai gayyatar tun da wuri wanne za ka halarta, domin kujerun liyafa ƙidaya su ake yi.