Jan Kunne Game da Kwamfutar da Ke Tashi da Kanta

Tun daga 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta daina zama kayan 'yan birni, har ta kai yau ba a rasa ta a ofisoshin hukuma da shagunan buga takardu na Anka da Gummi da Bukkuyum. Sai dai kowace ni'ima tana tafe da haƙƙinta, kuma akwai lalura guda da masu ita ke yawan kuka da ita, watau a kashe ta da la'asar, a kulle ƙofa, a dawo da safe a tarar tana huci. Wasu kan ce aikin mutanen ɓoye ne, alhali sababinta sananne ne, kuma mafi munin abin da take jawowa shi ne gobara.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a riƙa kashe wuta kafin barci. Kwamfutar da aka kashe aka bar wayarta a soket, misalinta kamar garwashi ne da uwargida ta rufe da toka bayan ta sauke tuwon dare, wanda mai wucewa zai rantse murhu ya mutu, amma ita ta san da rai a ciki, har ma da gangan ta bar shi domin kada ta sha wahalar hura wuta da asuba. To, in iskar hunturu ta taso cikin dare ta yaye tokar, ga karan dawa a kusa, sai abin ya zama labari.

Iskar ita ce dawowar lantarki. A cikin kwamfutar tebur akwai wani tsari, a sashen da ake kira BIOS, wanda ke iya umurtarta ta tashi da zarar wuta ta shigo, mu kuwa wutar Kaduna Electric ba ta yi mana sallama in za ta tafi, balle in za ta dawo. Sai a kawo ta tsakar dare, na'urar ta farka cikin shago rufaffe, an lulluɓe ta da zane don gudun ƙura har kafofin shan iskarta sun toshe, ga takardu jibge, ga jarkar fetur ta janareta a lungu. Wanda ya tuna irin dukiyar da ta salwanta a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da babbar kasuwar Sakkwato a 2021, ba ya bukatar a faɗa masa abin da wuta ke yi wa shago.

Maganin bai da tsada. A danna F2 ko Del tun farkon kunnawa, a shiga BIOS, a umurce ta ta zauna a kashe in wuta ta dawo. In ta mance umurnin, agogonta kuma ya rikice, ɗan batirinta mai lamba CR2032 ne ya mutu, a sauya shi.

Sauran dalilai kuwa, akwai tsarin saurin tashi da ya zo tun Windows 8, wanda riƙe Shift lokacin kashewa ke tsallake shi. Akwai linzami da wayar intanet masu iya tayar da ita. Akwai maɓallin da ƙura ta sa ya liƙe. Abin da ya gagara a kai wa mai gyara.

Amma kai ma'aikaci, da kai yaron shago, babu BIOS ɗin da zai ɗauke muku nauyin amana. Wane irin sakaci ne mutum ya iya tattara kuɗin ciniki, ya iya duba kwaɗo sau biyu, amma ya kasa sunkuyawa ya zare waya daga bango? Ku zare, ku bar na'ura ta huce kafin ku lulluɓe ta, ku fitar da fetur waje. Wuta ba ta tsayawa a shagon mai laifi, kuma za a tambaye ku haƙƙin maƙwabci ranar hisabi. Allah Ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.