Idanun Isfandiyar

Darasinmu na wannan wata daga ƙasar Farisa ya fito, ƙasar Sairus da Dariyus waɗanda muka sani cikin Littafi Mai Tsarki. Yau Iran ake ce da ita. A can ne wani mawaƙi, Firdausi, ya gama littafin sarakunansu, Shahnama, cikin shekara ta 1010. Baitocinsa wajen 50,000 ne, galibi na yaƙi da sarauta, amma zance guda yana ta komowa: ɗan adam ba ya son mutuwa, kullum yana neman dabara.

Iskandari ya shiga ƙasar duhu garin neman ruwan rai, Halliru yana yi masa ja-gaba. Sa'anda hanya ta rabu biyu sarki ya ɓace. Halliru ya sha, shi bai ko ga ruwan ba. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san irin wannan tafiya, ko da shi ke can magani aka je nema.

Labarin Isfandiyar ya fi kusa da ƙofarmu. Ɗan sarki ne, jikinsa ba ya jin ƙarfe. Waɗansu sun ce ruwa mai tsarki aka yi masa wanka da shi, sai ya rufe ido, ruwan bai taɓa wurin ba. Ubansa, Sarki Gushtasp, ya yi masa alkawarin gadon sarauta idan ya kawo jarumi Rustam a ɗaure, alhali kuwa an rigaya an gaya wa uban a hannun wa ɗansa za shi mutu. Ran fari kiban Rustam suka yi ta zamewa, shi kansa ya koma gida jina-jina. Da dare tsuntsuwa Simurg ta nuna masa itacen da za shi sara ya yi kibiya mai baki biyu. Kashegari ya roƙi yaron su shirya, ya ƙi. Ya harbe shi a ido.

Mu mutanen Haɗejiya mun san wannan sarai. Mun ga 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki ran salla, mun kuma san kowane maganin ƙarfe da sharaɗinsa: kada ka ci kaza, kada ka ƙetare kaza. Ran da aka ɗauko gawa, sai a ce ya karya doka. Ba mu taɓa jin mai magani ya mayar da kuɗi ba. Har cikin ekklesiya akwai samari masu tsaron gona a fadama da dare, laya tana ƙarƙashin riga. Kada mu yi musu dariya, gama tsoronsu na gaskiya ne, marmarin rai kuma Mahalicci ne ya dasa shi, kamar yadda Mai-Wa'azi ya nuna a sura ta 3. Amma mu lura, maganin ne ya kai Isfandiyar filin da ya mutu. Da ya san ƙarfe yana cinsa, da ya saurari roƙon tsoho.

Firdausi kansa a suna ya sa begensa, yana ganin waƙarsa za ta rayar da shi. Haka mu ma muke riƙe da sunan Sarki Buhari, wanda ya faɗi a yaƙin Gogaram cikin 1863. Sunan ya tsaya, mai shi dai yana ƙasa. An ce kyautar da Sarki Mahmudu ya daɗe yana hana mawaƙin tana shiga birnin Tus ta ƙofa guda, ana fita da gawarsa ta wata.