Shirin Doki Da Mahayi Kafin Fita Rangadi

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu na ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Ko da ya ke mota da babur sun karɓe yawancin tafiya, da damina akwai ƙauyukan fadama da ba a isa sai da ƙafa ko bisa dabba. Hawa kuwa gado ne a nan. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, can kuma ya rasu a 1837, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya riƙe hakimcin Rabah daga 1934, zamanin da rangadi sai bisa doki. Amma fa a sani, dokin da ya yi wata shida a turke, ba ya fita sai hawan salla, bai isa tafiyar yini guda ba, komai ƙibarsa. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Kilisa

A soma shiri kamar mako shida kafin ranar tashi. Makon fari a riƙa fita kilisa rabin sa'a kowace safiya, tafiya kawai ba sukuwa. Sa'an nan a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, ana haɗawa da sassarfa, har ya iya sa'a biyu ko uku bai galabaita ba. Cikin kilisan nan a nuna masa abubuwan da zai tarar a hanya, watau babur, da garken shanu, da raƙumi, da taɓo, da ruwa. In ya tsorata da abu kada a doke shi. A tsai da shi ya duba, ya sansana, ya wuce don kansa. Dokin da aka doka gaban abin tsoro, tsoronsa ya zama biyu.

Ci da sha

Harawa da ciyawa su ne tushen abincinsa, dawa da dusa ƙari ne. In za a ƙara masa hatsi sabo da aiki, a ƙara sannu a hankali, gama sauya abinci farat ɗaya ya kan kawo ciwon ciki, ciwon cikin doki kuwa ya kan kashe. Kada a hau shi sai ya yi sa'a guda bayan cin hatsi. Doki ya kan sha lita 25 zuwa 50 a yini, da bazara har ya fi haka. A bar shi ya sha a kowace mashaya mai tsabta, ko da ya yi gumi, kada a ce sai an sauka. Ga yadda za a gane ƙishirwa ta ci shi: a tsunkuli fatar wuyansa a saki, in ba ta koma nan da nan ba, lalle a nemi inuwa da ruwa.

Kayan hawa

Kullum a duba kofato a cire tsakuwa da ƙaya. A goge bayansa kafin ɗaura sirdi, domin ɗan yashi ƙarƙashin sirdi ya isa ya zama gyambo kafin azahar. A ja majayi sannu, a sake dubawa bayan an ɗan taɓa tafiya. Linzaminmu na gargajiya mai tsanani ne, sai a riƙe shi da hannu mai sauƙi. Nauyin mahayi da sirdi da kaya duka kada ya wuce wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin. Akwatin takardu a aza wa jaki.

Mahayi

Yawanci malamin hakimi ya fi sabawa da kujera bisa ga sirdi. Ba abin kunya ba ne ya nemi doki mai sanyin hali, ya riƙa bin ɗan barga kilisa tun daga makon fari. Ya zauna daidai, ya sa gaban ƙafa kaɗai cikin likkafa, diddige ƙasa, don in ya faɗi kada doki ya ja shi. Ya naɗe hannun riga, ya ajiye ƙaimi a gida. Doki ya kan ji tsoron mahayinsa tun daga zamansa, maganin tsoron nan kuwa sabo ne.

A hanya

Misali in za a tashi daga Lahodu, a fita da asuba a sauka kafin rana ta take. Doki ya kan ci kamar kilomita 6 cikin sa'a a tafiyar sannu, da haka za a lissafa zango. A bar tsawon doki guda tsakanin kowane biyu sabo da harbi.

Gulbin Rima na bukatar lura ta musamman. Tun da aka gama madatsar Goronyo a 1984, ruwa ya kan ƙaru sa'ad da aka sake shi, ko ba a yi sama ba. Sabo da haka mashigin jiya ba lalle ne na yau ba. A tambayi masunta, a sa wani ya shiga da sanda, sa'an nan a ƙetare ɗaya bayan ɗaya. In ruwa ya kai cikin doki, mahayi ya zare ƙafa daga likkafa.

Kada a ɗaure doki bakin fadama da magariba. Lokacin nan ne ƙananan ƙwari masu cizo su ke fita, su ne kuwa ke yaɗa wata muguwar cutar dawaki. A kai shi tudu, a yi masa hayaƙi.

Abu na ƙarshe, 'yan bindiga sun sha tare hanyoyi a gabashin Sakkwato, har sun kai hari kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021. A aika wa dagaci tun da wuri a ji labarin hanya, a sanar da jami'an tsaro, kada a yi tafiyar dare.

Ranku ya daɗe, talakawa su na jiran isowarku, iyali kuma su na jiran komowarku. Sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, amin.