Darasi: Yadda Al'umma Za Ta Nemi Kuɗin Gwamnatin Tarayya Domin Ayyukan Raya Gari

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, mai karatu zai san inda kuɗin ayyukan jama'a yake fitowa, da ƙofar da ta dace da kowace irin bukata, da lokacin da ya kamata a nema, da kuma yadda za a bi sawun aiki har a gama shi.

Gabatarwa

Ƙaunatattun 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa cin damina a ƙauye ya san wannan wahala. Rafi ya cika ya raba gari da babbar hanya. Mace mai naƙuda tana wannan ƙetare, asibiti kuwa yana wancan ƙetare. Yara sun yi kwana uku ba su je makaranta ba, doya da masara suna lalacewa a gona domin mota ba ta iya shigowa. Sa'ad da abin ya ishe mu, mukan tara dattawa, mu sayi akuya, mu ɗauki mota mu tafi gaisuwa wurin wani babban mutum. Yakan karɓe mu da fara'a, ya yi alkawari, ya ba mu kuɗin mota. Mu koma gida mu jira, shekara ta zagayo, rafi yana nan yadda yake.

Ba kullum ne laifin yake ga babban mutumin kaɗai ba. Sau da yawa mu ne muka ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba ce, a lokacin da bai dace ba, da baki kawai ba tare da takarda ba. Kuɗin gwamnati yana da hanyar da yake bi, kuma al'ummar da ta san hanyar ta fi samun rabo.

1. Kuɗin na wane ne?

Abu na fari da ya kamata mu gane shi ne, neman aiki daga gwamnati ba bara ba ne. Kuɗin man fetur, da na kwastan, da harajin kamfanoni, duk suna shiga Asusun Tarayya, a kowane wata kuma ana raba su a Abuja. Bisa ga tsarin da aka fara aiki da shi a shekarar 2004, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 suna raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma suna raba kashi 20.60. Wannan dukiya ta 'yan ƙasa ce duka, har da tsohuwar da take zaune a ƙauyen da babu hanya. Saboda haka mai nema ba ya bukatar durƙuso irin na maroƙi, ba ya kuma bukatar zagi. Abin da yake bukata shi ne ladabi, da sani, da naciya.

2. Misalin Nehemiya

Littafin Nehemiya ya ba mu labarin mutumin da ya nemi taimakon gwamnatin tsakiya domin aikin garinsu. Shi mai shayarwa ne a fadar Artashate, sarkin Farisa, sa'ad da ya ji cewa garun Urushalima a rushe yake. Da ya sami zarafin magana a sura ta 2, bai tsaya a kan kuka ba. Ya faɗi tsawon lokacin da zai yi. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin lardunan da zai ratsa, da wata wasiƙa zuwa ga Asaf, mai lura da kurmin sarki, domin a ba shi katako. Da ya isa, ya zaga garun da dare ya duba ɓarnar da idonsa kafin ya yi wa kowa magana. Sarki ya ba da katako, amma mutanen gari ne suka yi ginin, kowane iyali da sashinsa, aka kuwa gama cikin kwana 52. A nan muna ganin abu huɗu: ya san ainihin bukatar, ya san wanda abin yake hannunsa, ya nemi a rubuta, ya kuma sa jama'a suka ɗauki nasu kason.

3. Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Ba kowane aiki ne yake wuyan Gwamnatin Tarayya ba. Wasiƙar da aka kai ofishin da ba nasa ba ne, a cikin fayil za ta tsufa.

Hanya. Manyan hanyoyin da suka haɗa jiha da jiha na Tarayya ne, hukumar FERMA ce kuma aka kafa a 2002 domin gyaransu. Hanyoyin cikin jiha na gwamnatin jiha ne. Ƙananan hanyoyi, da magudanan ruwa, da kasuwanni, da tashoshin mota, Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora su a kan ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye. Wannan hukunci ya ƙara wa jama'a dalilin tambayar shugaban ƙaramar hukumarsu abin da ya shigo da abin da aka yi da shi.

Makaranta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, ta hannun hukumar UBEC. Amma jiha ba ta samun tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kaso daidai da na Tarayya. Saboda wannan sharaɗi, biliyoyin naira sun sha kwana a asusu shekara da shekaru, alhali yara suna karatu a gindin itace. Hanyar nema takan fara daga kwamitin kula da makaranta, zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, zuwa hukumar SUBEB ta jiha.

Asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya. Manufar ita ce kowace gunduma ta sami aƙalla ɗakin shan magani ɗaya mai aiki sosai. A nan, kwamitin raya gunduma shi ne bakin jama'a.

Ruwa da wuta. Hukumomin raya kogunan ƙasa guda 12 suna gina madatsun ruwa da rijiyoyin burtsatse. Akwai ta Binuwai ta Sama a Yola, da ta Binuwai ta Ƙasa a Makurɗi, da ta Neja ta Sama a Minna, da sauransu. Hukumar REA kuwa ita ce mai kai wutar lantarki karkara, har da mai amfani da hasken rana.

Ayyukan mazaɓu. Sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360 suna da damar ba da sunayen ayyuka domin mazaɓunsu, an kuma yi shekaru da yawa ana ware naira biliyan 100 a kowace shekara saboda wannan. Bisa ƙa'ida ba a miƙa wa ɗan majalisa kuɗin a hannu. Shi yakan zaɓi aikin, a sa shi cikin kasafin wata ma'aikata ko hukuma, ita ce za ta ba da kwangila. Don haka rijiyar da aka rubuta sunan wani a jikinta ba kyauta ba ce daga aljihunsa.

4. Ku san lokaci

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnati ba ta da ikon kashe kuɗin da ba ya cikin kasafi. Ma'aikatu sukan shirya lissafinsu watanni kafin Shugaban Ƙasa ya kai kasafin gaban Majalisar Tarayya, abin da yakan faru wajen ƙarshen shekara. Daga nan kwamitocin majalisa su duba, su yi gyara, a mayar wa Shugaban Ƙasa ya sa hannu. Al'ummar da ta kai kukanta bayan an sa hannu, sai ta jira wata shekara. Zai fi kyau takardarku ta isa tun farkon shekara ko tsakiyarta, sa'an nan ku riƙa tuni. Bayan an sa hannu, Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yakan wallafa kasafin a intanet. Ku sa matasanku masu ilimi su bincika ko sunan garinku ya fito, da yawan kuɗin, da hukumar da aka danƙa wa aikin.

5. Yadda za a shirya takarda

Kafin a ɗauki alƙalami, a kira taron gari. A saurari mata, gama su ne suka fi sanin nisan ruwa da nisan asibiti. A saurari matasa, da manoma, da makiyaya, da maƙwabta na kowane addini da kabila. Sa'an nan a zaɓi bukata ɗaya. Takardar da ta jera hanya, da ruwa, da wuta, da asibiti, da kasuwa, duk a shafi ɗaya, ba ta ba jami'i abin da zai kama ba.

Takarda mai kyau takan nuna sunan gari, da gunduma, da ƙaramar hukuma. Ainihin matsalar, da lissafin da kuka ƙirga da kanku, kamar yawan gidaje, da yawan yara a kowane aji, da nisan rafi. Abin da kuke nema, da kimanin kuɗinsa daga wurin injiniya ko magini wanda ya san aiki. Da abin da ku kanku za ku bayar. A haɗa da hotuna. Mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, tare da shugabannin ƙungiyar raya gari, da ta mata, da ta matasa. Idan ƙungiyar tana da rajista da asusun banki mai masu sa hannu biyu ko uku, maganarta takan fi nauyi. Kada ku ƙara gishiri a lissafi, domin ranar da aka zo dubawa aka tarar da ƙarya, an daina gaskata ku. A ƙarshe, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku, ku adana shi.

6. Kason al'umma

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga 2009 zuwa 2021 an gudanar da shirin CSDP a jihohi da yawa da taimakon Bankin Duniya. A cikin shirin, al'umma ce take zaɓen aikinta, ta naɗa kwamitin da zai riƙe kuɗi, ta kuma kawo nata ɗan kaso, ko da kuɗi, ko da yashi, da dutse, da aikin gayya. Shirin ya ƙare, amma darasinsa yana nan: abin da mutane suka zuba guminsu a ciki, ba sa barinsa ya lalace. Ku ba da fili wanda babu gardama a kansa, da shaidar masu shi a rubuce. Ku kuma shirya tun da wuri wanda zai riƙa gyara, gama ƙasarmu cike take da famfunan da suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe da ba wanda ya ɗauki nauyin sayensa.

7. Ku bi sawu har ƙarshe

Fitowar suna a kasafi ba ita ce gamawar aiki ba. A watan Nuwamba na 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya koka cewa an ware kimanin naira tiriliyan ɗaya domin ayyukan mazaɓu cikin shekara goma, amma talaka bai ga amfanin da ya kai wannan kuɗi ba. A wannan shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin diddigin irin waɗannan ayyuka, ta kuwa sa 'yan kwangila da dama suka koma bakin aikin da suka yasar. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar Tarayya ya tambayi wanda aka ba kwangila da nawa aka biya, hukumar kuwa ta amsa cikin kwana 7. Ku naɗa mutum uku ko biyar masu gaskiya su riƙa ziyartar wurin aiki, suna rubuta abin da suka gani. In an rage siminti, ko an tsaya, ku rubuta wa hukumar da ta ba da aikin tun ɗan kwangila bai kwashe kayansa ba.

8. Tarkuna uku

Na ɗaya, ɗan tsakiya wanda zai ce ku tara kuɗi ya kai wa wani a Abuja domin a sa sunanku. Wannan cin hanci ne, sau da yawa kuma zamba ce. Na biyu, ɗan kwangilar da zai ba shugabanni ɗan abin goro domin su sa hannu cewa an gama aikin da ba a gama ba. Wanda ya sa wannan hannu ya sayar da ruwan da jikokinsa za su sha. Na uku, son kai wajen zaɓen wuri. Rijiyar da aka haƙa da kuɗin jama'a ba ta ƙofar gidan shugaba ba ce, ba kuwa ta jam'iyya ɗaya ko addini ɗaya ba ce. A sa ta inda kowa zai ɗiba ba tare da neman izini ba.

Kammalawa

'Yan'uwa, ba za mu ruɗe ku ba. Akwai al'ummar da za ta bi dukan waɗannan matakai, shekara ta fari ta wuce ba ta sami kome ba, domin masu nema suna da yawa, rashin gaskiya kuma bai ƙare ba. Duk da haka, mai takarda da hatimi yana da abin da zai koma da shi baɗi, wanda ya je gaisuwa kawai ba shi da kome sai alkawari. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Bari mu tashi mu tona, da haƙuri da gaskiya, domin matar da take jira a bakin rafi.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Wace bukata ɗaya ce ta fi tsanani a garinku, kuma a wuyan wace gwamnati take?
2. Waɗanne abubuwa huɗu muka koya daga yadda Nehemiya ya yi roƙonsa?
3. Akwai aikin gwamnati da aka yasar ko ya lalace a yankinku? Me ya jawo haka, me kuma za ku iya yi a kai?
4. Su wane ne ba a cika jin muryarsu a taron garinku ba, ta yaya za a jawo su ciki?

Aikin Yi

Kafin wata uku su cika, ku ƙirga gidaje da mutanen da bukatarku ta shafa, ku rubuta takarda shafi ɗaya, ku kai ta ofishin da ya dace, ku dawo da kwafi mai hatimi.