Yadda ake kwashe kashin jemage da na kaji ba tare da an shaƙi cuta ba

Tsohon kashin jemage da ya taru a cikin silin, da wanda ya daskare a ƙasan akurkin kaji ko ɗakin tantabaru, wuri ne da wata funfuna ke jin daɗin girma. Likitoci na kiranta histofilasma. Idan kashin ya bushe aka tayar da ƙurarsa, ƙwayoyinta da ido ba ya gani su bi iska su shiga huhu. Wani likita Ba'amurke, Samuel Darling, shi ya fara bayyana cutar da take jawowa a Panama a 1906, kuma an daɗe ana ɗauka ta mutanen kwarin kogin Ohayo da Misisifi ce a Amurka. Yanzu ana samunta a wurare da dama da ba a san ta da su ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin funfuna 19 masu haɗari da ta fitar a 2022. Mu ma muna da ita. Akwai nau'inta na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya mai kama fata da ƙashi, wanda masu bincike suka gano a ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a jihar Anambra.

Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum. Daga ƙura ake samunta, don haka ƙurar za a yi wa dabara.

Da farko, zaɓi wanda zai yi aikin. Mai ɗauke da cutar kanjamau, mai shan maganin ciwon daji, wanda ya daɗe yana shan magungunan rage kumburi irin su firedinisolon, tsoho, mai ciki da ƙaramin yaro, duk su nisanci wurin. A nan muke yawan kuskure, domin sharar akurki a gidajenmu aikin yara ne. Yaron da aka ba tsintsiya ya shiga akurki a duƙe, hancinsa dab da ƙasa, shi ya fi kowa shaƙa.

Na biyu, tanadi kaya: takunkumin N95 wanda zai manne a fuska, safar hannu, takalmin roba, shebur, buhunan leda masu kauri da ruwa isasshe. Ƙyalle ko rawani da aka naɗe hanci da shi ba ya tare ƙwayoyin, sun yi ƙanƙanta. Mai gemu ya sani takunkumin ba zai zauna masa daidai ba, gara ya ba wani aikin.

Na uku shi ne gaba ɗayan maganar: jiƙa kashin kafin ka taɓa shi. Zuba ɗan omo a ruwa don ya ratsa, sannan ka yayyafa a hankali. Injin feshi na gona ya fi kyau idan an wanke shi tas daga maganin ƙwari, amma buta ma ta yi. Kada ka watsa ruwa da ƙarfi, domin ruwan da ya faɗi da ƙarfi kan busasshen kashi shi ma ƙura yake tayarwa. Jira ya sha, ka tona gefe da bakin shebur ka duba. Sau da yawa sama ta jiƙe amma ƙasa na nan fari fat kamar gari, to sai a ƙara ruwa. Idan kana cikin kwasa ka ga ƙura na tashi a hasken da ke shigowa ta ƙofa, dakata ka sake yayyafi. Tsintsiya ba ta da aiki a nan sai a ƙarshe, bayan ƙasa ta jiƙe sarai. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa kuma, a ɗaga aikin.

Idan a silin ne, fitar da mutanen gida, a rufe abinci da randa, a shimfiɗa leda a ƙasa kafin a cire katako ko guda.

Na huɗu, zuba a buhu tun yana jiƙe, ɗaure baki, ka binne a nesa da rijiya da wurin wasan yara. Na san manomi ba zai so binne taki ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. In gona za a kai, a kai shi a jiƙe, a juya shi cikin ƙasa nan take, mai watsawa kuma ya sa takunkumi.

Na biyar, cire kayan aikin a waje, takunkumi ya zama na ƙarshe. Jiƙa tufafin kafin wanki, kada a kakkaɓe su, sannan ka yi wanka. Jemagun kuma kada a kama su da hannu. Jira su fita da magariba, a toshe ramukan da raga ko siminti.

Sai lura da jiki. Alamu kan fito tsakanin kwana 3 zuwa 17: zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji, kasala. Yawancin masu ƙarfin jiki sukan warke da kansu, wasu ma ba su san sun kamu ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda cutar, idan ta yi tsanani, take kama da tarin fuka: rama, gumin dare, tari mai daɗewa, har hoton ƙirji kan nuna abu iri ɗaya. Sai a ɗora mutum kan maganin tarin fuka na wata shida, yana sha yana ƙara lalacewa, alhali maganin bai taɓa funfuna ba. Don haka idan gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, ko an yi makonni ana shan magani babu sauƙi, ko ƙuraje da kaluluwa sun fito sun ƙi warkewa, ka faɗa wa likita a fili cewa ka yi aikin kashin jemage ko na kaji, da lokacin da ka yi. Akwai gwajin fitsari da ke gano ta, ko da yake ba kowane asibiti ke da shi ba, don haka a nemi a tura ka asibitin koyarwa. Maganinta itirakonazol ne, wanda ta yi wa tsanani kuma a kwantar da shi a yi masa ƙarin ruwa da amfoterisin B. Shan maganin kan ɗauki watanni, wani lokaci shekara guda, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi sai likita ya ce a daina.