Yadda Debian Ke Sauya Sigar Python Ba Tare da Tsarin Ya Tsaya Ba

Debian tsarin gudanar da kwamfuta ne wanda Ian Murdock ya kafa a shekarar 1993, kuma har yau 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne ke riƙe da ragamarsa, suna tattaro dubban manhajoji waɗanda rubutunsu na asali yake a buɗe ga kowa, suna shirya kowace ɗaya a matsayin fakiti. Fakiti a nan yana nufin manhajar da aka gina, aka naɗe ta tare da bayanin sunanta da lambar sigarta da jerin sauran fakitocin da ba za ta yi aiki ba sai da su, kuma kowane fakiti yana da mai kula da shi, ko mutum ɗaya ko tawaga. A cikin fakitocin akwai waɗanda nauyinsu ya ɗara na saura, su ne na harsunan rubuta manhaja irin su Python da Perl da Ruby, domin a kansu ɗimbin fakitoci suke zaune, ta yadda sauya sigar harshe ɗaya yakan taɓa duk abin da aka ɗora masa. Python ne ya fi dacewa da misali, saboda tun daga siga ta 3.9 masu shi suke fitar da sabuwar siga a watan Oktoban kowace shekara, abin da ya mai da wannan aiki wanda ba ya ƙarewa.

Kafin a bi matakan, ya kamata a san rumbunan da fakitoci ke ratsawa. Sabon fakiti yakan fara sauka a rumbun da ake kira unstable, wanda aka fi sani da sid, inda komai yake iya lalacewa yau a gyara shi gobe. Idan ya cika wasu sharuɗɗa sai ya wuce rumbun testing, wanda shi ne ake tacewa har ya zama stable, wato fitowar da jama'a ke ɗorawa a kwamfutocinsu, wadda takan zo kusan duk bayan shekara biyu. A gefe guda kuma akwai experimental, wurin ajiye abin da bai kai a saka shi ko a cikin sid ba.

Asalin wahalar tana ga yadda fakitocin Python suka kasu gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda aka rubuta da Python zalla, waɗanda tafintan harshen, wato manhajar da ke karanta rubutun tana aiwatar da shi layi bayan layi, yake iya karantawa a kowace siga matuƙar ba a cire wani abu da suka dogara da shi ba. Kashi na biyu su ne masu ɗauke da sassan da aka rubuta da harshen C ko makamancinsa don neman sauri, irin su NumPy na lissafi, waɗanda dole a fassara su tun farko zuwa harshen na'ura, kuma abin da aka fassara ɗin yana ɗaure ne da ƙirar cikin siga guda ta tafintan. Ana ganin wannan ɗauri ko a sunan fayil: wanda ya leƙa cikin fakitin NumPy na Debian 12 zai tarar da fayiloli masu sunan da ya ƙare da cpython-311-x86_64-linux-gnu.so, inda 311 ke nuna siga ta 3.11, sauran kuma ke nuna nau'in na'urar. Tafintan siga ta 3.12 ba zai ko dubi wannan fayil ba, sai dai a gina masa nasa. Saboda haka ne Debian ba ta cire tsohuwar siga ta dasa sabuwa a rana guda. Tana barinsu su zauna tare na wani lokaci, kamar yadda ba a rushe tsohuwar gada sai sabuwa ta fara ɗaukar mota.

Aikin yana farawa ne tun kafin sabuwar sigar ta fito, domin masu Python sukan saki sigar gwaji ta farko mai matsayin beta a watan Mayu, su daina ƙara sababbin abubuwa daga nan. Masu kula da tafintan a Debian, waɗanda Matthias Klose ya daɗe a cikinsu, sukan shirya ta a matsayin fakiti mai sunan kansa, misali python3.13, wanda zai iya zama a kwamfuta ɗaya da python3.12 ba tare da sun yi karo ba. Da yake sunan sabo ne, sai ya bi layin tantancewa inda masu tsaron rumbun suke duba lasisinsa da tsarinsa kafin ya shiga. A wannan mataki babu abin da ya sauya ga mai amfani, domin akwai wani ɗan ƙaramin fakiti mai suna python3-defaults wanda shi ne yake faɗin sigogin da aka amince a yi wa gini da kuma wadda za ta amsa idan aka kira python3, kuma ba a taɓa shi ba tukuna.

Daga nan sai gwajin gini, wanda shi ne matakin da ya fi bayyana girman aikin da ke gaba. Ana ɗaukar duk fakitocin da suka dogara da Python a sake gina su da sabuwar sigar a wani wuri na daban, sannan a buɗe rahoton matsala ga kowane fakitin da ya ƙi ginuwa ko ya faɗi gwajinsa, tare da saƙon kuskuren da ya fito. Yawancin faɗuwar daga abubuwan da masu Python suka cire take tasowa. Siga ta 3.12, wadda ta fito a Oktoban 2023, ta cire distutils, tsohon kayan aikin da fakitoci masu yawa suka shekara suna gina kansu da shi, ta kuma cire imp da asyncore. Siga ta 3.13 ta shekarar 2024 ta zo ta share wasu tsofaffin sassa guda 19, ciki har da cgi da crypt da telnetlib. An daɗe ana gargaɗin cewa za a cire su, amma manhajar da marubucinta ya yi watsi da ita shekaru goma da suka wuce ba ta da mai jin gargaɗi, don haka nauyin gyaran yake faɗawa kan mai kula da fakitin a Debian. Da farko ana ba waɗannan rahotanni matsakaicin matsayi, sai lokacin sauyin ya matso a ɗaga su zuwa matsayin da ke hana fakiti shiga fitowa ta gaba.

Idan adadin masu faɗuwa ya ragu zuwa abin da za a iya ɗauka, masu kula da harshen sukan nemi izini daga tawagar fitarwa, wadda ita ce ke da ta cewa kan abin da ke shiga testing. Neman izinin yana da dalili mai ƙarfi: idan manyan sauye-sauye biyu suka haɗu a lokaci guda, misali na Python da na wata taskar C da fakitoci ɗaya suke amfani da ita, sukan sarƙe da juna har ya zama babu wanda zai wuce sai ɗayan ya kammala. Tawagar takan buɗe shafin bibiya da wata manhaja mai suna ben, wadda ke jera duk fakitocin da abin ya shafa, ta nuna da launin kore waɗanda aka riga aka gina da sabuwar siga, da ja waɗanda ba a kai gare su ba, ga kowane nau'in na'ura da Debian ke tallafawa, irin su amd64 da arm64 da s390x. Haka kuma tana rarraba su hawa-hawa bisa dogaro, domin fakitin da yake buƙatar NumPy wajen gini ba zai ginu ba sai NumPy ɗin ya rigaye shi.

Da zarar an ba da izini, sai a loda sabon python3-defaults wanda ya ƙara sabuwar sigar a jerin waɗanda ake yi wa gini, alhali tsohuwar tana nan a matsayin wadda ke amsa kira. Tawagar fitarwa kuma ta umarci injinan ginin Debian su sake gina fakitocin hawa na farko, sai na biyu, har zuwa sama, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya a rubutunsu na asali ba. Irin wannan gini shi ake kira binNMU, kuma alamarsa ita ce +b1 da ake liƙawa a ƙarshen lambar sigar fakitin, idan aka maimaita ta koma +b2. Kayan aikin dh-python da pybuild su ne ke sauƙaƙa wannan, domin suna tambayar jerin sigogin da aka amince da su, su yi gini sau ɗaya ga kowace, ta yadda fakiti ɗaya zai fito ɗauke da fayil mai 312 da mai 313 a jere.

A nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma a nan ne ya daina zama na injina ya koma na mutane. Fakitin da ya ƙi ginuwa a hawa na biyu yana tsayar da duk waɗanda ke samansa, mai kula da shi kuwa wataƙila ya shagala da aikin da yake ci da iyalinsa, ko ya bar harkar gaba ɗaya ba tare da sanarwa ba. Ga fakitocin da ke hannun tawagar Python ta Debian matsalar da sauƙi, tunda kowane ɗan tawagar yana iya gyarawa. Ga sauran, doka ta yarda wani mai haɓaka Debian ya loda gyara a madadin mai kula da fakitin, da sharaɗin ya taƙaita ga matsalar kawai, ya aika da bayanin abin da ya sauya, kuma galibi ya saka lodin a layin jinkiri na wasu kwanaki don mai shi ya sami damar cewa a dakata. Fakitin da babu wanda ya tashi gyara shi kuwa, ana cire shi daga testing kai tsaye bayan wa'adi, tare da duk masu dogaro da shi, in ban da manyan fakitocin da tsarin ba zai tsaya ba sai da su. Wannan hukunci yana da zafi ga mai amfani da wata ƙaramar manhaja da ta ɓace masa a sabuwar fitowa, amma da babu shi da fakiti guda da aka yasar zai iya riƙe dubbai.

Wucewa daga sid zuwa testing aikin wata manhaja ce mai suna britney. Tana duba ko fakitin ya cika kwanakin jiransa, waɗanda biyar ne ga lodi na yau da kullum kuma sukan ragu idan ya ci gwaje-gwajensa na atomatik. Ko ya ginu a duk na'urorin da aka saba gina shi. Ko bai zo da sabuwar babbar matsala ba. Sannan ko shigarsa ba za ta sa wani fakitin da ke testing ya kasa ɗoruwa ba. Haka nan ana gudanar da gwaje-gwajen fakitocin da suka dogara da shi, ta yadda faɗuwar ɗaya daga cikinsu takan tare hanya har sai an gano mai laifi.

Bayan zangon ƙara sabuwar sigar ya kammala ne ake sake loda python3-defaults don mai da sabuwar sigar wadda ke amsa kira. Wannan karon fakitocin da ake sake ginawa ba su kai na farko yawa ba, su ne manhajojin da suka cusa tafintan Python a cikin jikinsu, irin su gdb na binciken kurakurai, waɗanda siga ɗaya kawai suke iya ɗauka. Zango na uku shi ne cire tsohuwar sigar daga jerin, a sake gini don a zubar da fayilolinta, daga ƙarshe a nemi masu tsaron rumbun su cire tsohon tafintan. Harshen Perl ba ya samun wannan sassauci, domin siga ɗaya tasa ce ke zama a tsarin, saboda haka ranar da aka loda sabuwa ɗaruruwan fakitoci sukan kasa ɗoruwa a sid na ɗan lokaci har injinan gini su kammala zagayensu.

Sauyin da ya fi kowane tsawo shi ne barin Python 2, domin a can harshen ne da kansa ya sauya, sake gini ba ya magani sai an sake rubutu. Python 3.0 ya fito a Disambar 2008, masu harshen suka daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairun 2020, amma Debian 11 ta shekarar 2021 ta fito da ragowar python2.7 saboda wasu 'yan manhajoji da ba su ginuwa sai da shi, kuma sai a Debian 12 aka rabu da shi kwata-kwata.

Duk wannan kai-komo yana da ranar rufewa. Watanni kafin kowace fitowa tawagar fitarwa takan hana fara sabon sauyi na harshe ko na kayan gini. Ga Debian 12 an rufe wannan ƙofa ranar 12 ga Janairun 2023, aka fito ranar 10 ga Yuni. Sigar da ta kasance a testing a lokacin ita ce jama'a za su zauna da ita tsawon rayuwar fitowar, ana kawo mata gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai. Tunda Python yana fitowa duk shekara, Debian kuwa kusan duk shekara biyu, masu kula da fakitocin sukan yi wannan zagaye sau biyu tsakanin fitowa da fitowa, mai amfani da stable kuma ya ga tsalle ɗaya: Debian 11 ta zo da 3.9, Debian 12 da 3.11, Debian 13 ta watan Agustan 2025 kuma da 3.13.